AIKIN HANNU: Canja Fikof na Jitar Lantarki da Daidaita Shi

 A wannan wata filinmu zai leƙa cikin jitar lantarki, irin wadda matasanmu suke kaɗawa a ƙungiyar mawaƙa da wuraren biki. Na sani akwai iyaye da dattawa da za su ce ina ruwansu da jita. To, da ruwanku, gama sau da yawa daga aljihunku ne, ko daga asusun jama'a, kuɗin gyaranta yake fitowa. Yaro zai zo ya ce jita ta mutu, sai an sayi sabon fikof. Kafin a ba da kuɗi ya kamata a san abin da za a saya, a kuma tabbata ana bukatarsa.

Fikof ɗin da muke nufi ba motar nan a-kori-kura ba ce. Duba fuskar jitar lantarki, a ƙarƙashin tsirkiyoyi za ka ga waɗansu 'yan sanduna a kwance, biyu ko uku, yawancinsu da ɗigogin ƙarfe shida a jere, ɗigo ɗaya ƙarƙashin kowace tsirkiya. Su ne fikof. A cikin kowanne akwai maganaɗisu, an kuma kewaye shi da naɗin wayar tagulla wadda sirantakarta ta yi kusa da ta gashin kai. A jitar Fender Stratocaster naɗin nan yakan kai wajen sau 8,000. Sa'ad da aka kaɗa tsirkiyar ƙarfe, rawar da take yi a bisa maganaɗisun takan haifar da 'yar wutar lantarki cikin wayar. Wutar ta bi igiya zuwa amfilifaya, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita murya. Wani masanin Ingila, Michael Faraday, shi ne ya gano wannan al'amari na maganaɗisu da waya a shekara ta 1831. Sai bayan shekara 100, a 1931, George Beauchamp na Amurka ya ƙera jita mai irin wannan fikof, kamfanin da daga baya aka sani da suna Rickenbacker ya fara sayar da ita a 1932. Saboda siffarta mutane suka yi mata laƙabi da kaskon suya.

Watau fikof ba makirufo ba ne. Ba murya yake ji ba, motsin ƙarfe yake ji. Shi ya sa in ka ɗaura wa jitar lantarki tsirkiyar roba ba za ka ji kome a lasifika ba. Daga nan kuma abu biyu suka fito waɗanda dukan maganarmu ta yau ta rataya a kansu. Na fari, gwargwadon kusancin fikof da tsirkiya, gwargwadon ƙararsa. Na biyu, tsirkiya ba ta rawa daidai a ko'ina. Can kusa da gindin jita, inda take hawa kan ƙarfen da ya tokare ta, rawarta kaɗan ce. Nan wajen wuya kuwa tana lilo sosai. Saboda haka in aka sa fikof biyu iri ɗaya a tsayi ɗaya, na wuya zai fi na gindi ƙara da kauri, na gindi ya fito siriri mai kaifi. Ba lalacewa ba ce, haka abin yake.

Fikof iri biyu ne aka fi gani. Akwai mai naɗi ɗaya, siriri, irin na Stratocaster da ta fito a 1954. Muryarsa garau take, amma yana da hali guda: yana kwaso gurnanin wutar gida. Wutarmu a Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, wannan juyawa ce kake ji kamar ƙudan zuma a lasifika, musamman kusa da janareta ko fitila mai dogon kwalba. Don maganin wannan Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera mai naɗi biyu a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Shi ake kira hambaka. An shirya naɗin biyun ta yadda gurnanin ɗaya zai kashe na ɗayan, muryar tsirkiya kuwa ta haɗu ta ƙaru. Hambaka ya fi faɗi, ya fi ƙara, muryarsa kuma ta fi kauri.

Yanzu, jitar nan da aka ce ta mutu, da gaske fikof ne? Sau da yawa ba shi ba ne. Fikof ba shi da wani abu mai motsi da zai cinye, yakan yi shekaru da dama yana aiki. Abin da ya fi lalacewa shi ne igiyar jita, da ramin da ake soka igiyar, da makunnin zaɓen fikof, da abin murɗa ƙara, wanda ƙurar hunturu take shiga har ya riƙa ƙaraf-ƙaraf. Tsirkiya mai tsatsa ma takan kashe murya. Fara da canja igiya. Sa'an nan ka kunna amfilifaya a hankali, ka ɗauki sukundireba ka ɗan taɓa ɗigogin kowane fikof da bakinta, kana juya makunnin zaɓe. Fikof mai rai zai amsa da ƙwas a lasifika.

In kana so ka tabbata, ari mitar da masu gyaran rediyo suke auna waya da ita. Cire igiya daga amfilifaya, ka bar ɗaya kan a jikin jita, ka buɗe ƙara har ƙarshe, ka ɗora bakin mita ɗaya a tsinin filogi, ɗayan a jikinsa. Mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster yakan nuna wajen om 6,000, hambaka irin na dā wajen 8,000, waɗansu na zamani har ninki biyu na wannan. In ka zaɓi fikof biyu tare lambar za ta sauka zuwa wajen rabi, kada wannan ya tsorata ka. Amma in ka kware wayoyin fikof ka auna shi shi kaɗai, mita ba ta nuna akwai hanya ba sam, to, wayar ciki ta tsinke. Wannan kam sai canji, ko a sāke naɗi. Haka kuma fikof mai kuka kamar usur da zarar an ƙara murya, naɗinsa ne ya saki. Masu ƙira sukan tsoma fikof cikin narkakkiyar kakin zuma da farafin don hana wannan, masu araha kuwa wani lokaci ba a yi musu da kyau ba.

In kuwa mita ta ce fikof lafiya yake, ƙorafin kawai shi ne ɗaya ya fi ɗaya ƙara, ko murya ba daɗi, ajiye kuɗinka tukuna. Tsallake zuwa batun daidaitawa a ƙasa, aikin sukundireba ne na rabin sa'a.

Ga wanda lalle sai ya saya, ga abin da zai lura da shi. Sayen fikof dabam don a musanya na asali ya yaɗu ne daga 1972, sa'ad da Larry DiMarzio ya fito da nasa mai suna Super Distortion, Seymour Duncan kuma ya kafa kamfaninsa a 1976. Yau iri-iri sun cika kasuwa, har da na jabu masu ɗauke da sunayen nan. Tafi da tsohon fikof a aljihu domin ka gwada girma, gama hambaka ba ya shiga ramin mai naɗi ɗaya sai an sassaƙe katako, ni kuwa ba na ba da shawarar sassaƙa jitar da ba taka kai kaɗai ba. Duba ko na wuya ne ko na gindi, yawanci akan rubuta a bayansa. Masu ƙira sukan ƙara wa na gindi naɗi don ya rama ƙarancin rawar tsirkiya a wurin, in ka juya su kuwa ka ninka wa kanka wahala. Auna tazarar ɗigogi ma. Daga ɗigo na fari zuwa na shida, hambaka irin na Gibson wajen milimita 50 ne, wanda aka yi domin gindin jita irin ta Fender kuwa wajen 53.

Mai kanti zai yi ta yi maka kirari da lambar om, wai mai 16,000 ya ninka mai 8,000 kyau. Kada ka biye masa. Lambar nan tsawon waya da sirantakarta kawai take nunawa. In aka yi naɗi da waya mafi siranta lambar za ta hau ko da ƙara ba ta ƙaru haka ba. Ƙarfin maganaɗisu ma yana da nasa rabo: akwai alniko, gamin alminiyam da nikel da kobal da baƙin ƙarfe, akwai kuma na seramik wanda ya fi araha, yakan kuma fi ja. Fikof mai naɗi da yawa yakan rasa kaifin murya, an yi shi ne domin masu kiɗan rok da suke so amfilifaya ta yi ruri. Mai raka mawaƙa ba abin da yake nema ke nan ba. Abin murɗa ƙara kuma ya dace da fikof: 250k akan sa wa mai naɗi ɗaya, 500k ga hambaka, lambar tana buge a bayansa. Akwai wani iri mai aiki da batir 9V, kamar na EMG. Shi yana bukatar nasa kayan dabam, da wurin ajiye batir, kada sabon hannu ya fara da shi.

Canjin kansa ba wuya. Cire jita daga amfilifaya, kwance tsirkiyoyi, shimfiɗa tsumma a fuskarta don kada dalma ta ɗiga ta ƙona fenti. Kafin ka taɓa kowace waya, ɗauki hoto da wayar hannu ko ka zana a takarda inda kowace ta tafi. Fikof mai naɗi ɗaya waya biyu gare shi: mai ɗauke da murya tana zuwa makunnin zaɓe, ta ƙasa kuwa akan manna ta da dalma a bayan abin murɗa ƙara. Narka dalmar, zare tsoho, sa sabo, mai da sifirin ko robar da take ƙarƙashin sukuru yadda ka same ta. Dalmar masu gyaran rediyo za ka yi amfani da ita, ba ta masu aikin famfo ba, domin ruwan da suke haɗawa da ita yana cin waya. Kada ka daɗe da ƙarfe mai zafi a bayan abin murɗa ƙara, zafi yana lalata cikinsa. Manni mai kyau santsi yake yi, yana ƙyalli. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, kai wa mai gyaran rediyo ka tsaya kusa da shi da zanenka.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne launin waya. Hambaka na zamani yakan zo da waya huɗu da wata tsirara, kowane kamfani kuma da nasa tsari. A na Seymour Duncan baƙa ce mai murya, kore da tsirara su tafi ƙasa, a haɗa ja da fara a rufe su. A na DiMarzio kuwa ja ce mai murya, kore da tsirara ƙasa, a haɗa baƙa da fara. Ka gani, wanda ya bi launi da ka zai yi ɓarna. Bi takardar da ta zo cikin kwali.

Kafin ka mai da tsirkiyoyi, sāke gwajin nan na taɓawa da sukundireba. Bayan ka ɗaura su kuma, saurari wurin da fikof biyu suke aiki tare. In kowanne shi kaɗai yana da kyau, amma da ka haɗa su murya ta zama siririya kamar mai magana ta hanci, to, sun saɓa wa juna. Kamar mutum biyu ne suna tura motar da ta kafe, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya. Wannan yakan faru in fikof biyun ba na kamfani ɗaya ba ne. Maganinsa a musanya wayoyin naɗin ɗaya daga cikinsu, mai murya ta koma ƙasa, ta ƙasa ta koma makunni. Wayar tsirara ko ta murfin ƙarfe kam a ƙasa za ta zauna kullum, in ba haka ba gurnani zai tashi duk lokacin da ka taɓa murfin. Abin dariya, akwai masu neman wannan saɓani da gangan. Les Paul ta 1959 da Peter Green na ƙungiyar Fleetwood Mac ya riƙe ta yi suna ne saboda fikof ɗinta na wuya ya saɓa wa na gindi, ta wuce hannun Gary Moore, daga baya Kirk Hammett na Metallica ya saye ta a 2014 da kuɗi mai yawa. Amma wanda zai raka mawaƙa talatin yana bukatar murya cikakkiya.

To, mun zo kan daidaitawa, wanda a ganina ya fi sayen muhimmanci. Fikof mai tsada da aka ɗora a tsayin da bai dace ba, mai araha da aka daidaita zai fi shi daɗi.

Kowane fikof yana da sukuru biyu, ɗaya a gefen tsirkiyoyi masu kauri, ɗaya a gefen sirara. A yawancin jita, inda fikof yake rataye a farantin roba ko cikin zobe, in ka murɗa dama zai hau, hagu ya sauka. Wanda aka ɗaure kai tsaye a katako kuwa akasin haka ne. Murɗa kaɗan ka duba. Sa sababbin tsirkiyoyi, ka saita su, ka gama duk wani gyaran wuya da tsayin tsirkiya tukuna, gama in ka taɓa su daga baya awonka ya tashi a banza.

Awon kuwa ga yadda ake yi. Danne tsirkiya a kan ƙarfe na ƙarshe cikin ƙarafan da suke jere a wuyan jita, ka auna daga saman ɗigo zuwa ƙarƙashin tsirkiyar. Yi haka a ta fari da ta shida. Ga fikof ɗinta irin na dā, Fender ta ba da milimita 2.4 a gefen masu kauri, milimita 2 a gefen sirara. Ga hambaka, wajen 1.6. In ba ka da rula mai ƙananan layuka, kaurin katin banki milimita 0.76 ne, uku a haɗe sun kai wajen 2.3, biyu kuma 1.5. Amma ka nemi katin da ya mutu, gama maganaɗisu yana iya ɓata baƙin layin nan na bayansa. Gefen masu kauri ya fi nisa domin ƙarfensu ya fi yawa, lilonsu kuma ya fi faɗi.

Lambobin nan mafari ne kawai, daga nan kunne ne alƙali. Kashe duk na'urorin canja murya, bari amfilifaya ta fito garau, a ƙarar da kuke kiɗa da ita da gaske. Buɗe maɓallan jita har ƙarshe. Fara da fikof na gindi, tun da shi ne mai rauni: ɗaga shi har ya ba ka murya mai jiki, amma kada tsirkiya ta taɓa shi in ka kaɗa da ƙarfi. In ya zauna, kada ka sāke taɓa shi. Koma na wuya, ka yi ta sauke shi rabin murɗi rabin murɗi, kana kaɗa abu ɗaya da ƙarfin hannu ɗaya, kana juya makunni tsakanin su biyun tun tsirkiya ba ta daina rawa ba, har ƙararsu ta zo daidai. Kada ka yi mamaki in na wuya ya nutse ƙasa sosai, ido zai ce ya karkace, kunne ne ya san gaskiya. Na tsakiya ya zo a ƙarshe. Sa'an nan ka bi tsirkiyoyi ɗaya ɗaya a kowane fikof, in masu kauri suna danne sirara, sauke wancan gefen kaɗan. Zai yi kyau ka tura wani ya tsaya can bayan ɗaki ya saurara, domin mai kaɗawa yana jin tsirkiya a hannunsa, wannan kuwa yana ruɗin kunne.

Jarabar kowane saurayi ita ce ya ɗaga fikof har ya kusa sumbatar tsirkiya don ya sami ƙara. Kada a yi. Maganaɗisu yana jan tsirkiya. In ya matso ƙwarai yakan hana ta rawa yadda ya kamata, muryar ta mutu da wuri, a can saman wuya kuma masu kauri su riƙa kaɗuwa kamar murya biyu suna faɗa, har na'urar saiti ta kasa tsayawa wuri ɗaya. An fi ganin wannan a Stratocaster, domin ɗigoginta su ne maganaɗisun kansu, ga su kuma layi uku, har masu gyara suna kiransa ciwon Strat. Mutum zai yi ta zargin wuya ko tsirkiya, alhali murɗi biyu na sukuru ne magani. Ni na fi son fikof ya ɗan yi ƙasa. Ƙara ba ta da tsada, amfilifaya tana da maɓallinta. Murya mai tsabta da daɗewa kuwa, in maganaɗisu ya cinye ta, ba maɓallin da zai komo da ita.

Wani zai ce, in na wuya ya ɗan fi na gindi ƙara, mene ne a ciki? Tambayi mai kula da na'urar sauti. Ya saita jita daidai da muryoyin mawaƙa, tsakiyar waƙa sai mai jita ya juya makunni, nan take kauri ya cika ɗaki, kalmomin waƙar suka nutse, tsofaffi suka fara toshe kunne. Ya rage ƙara, aka komo fikof na gindi, jita ta ɓace ɗungum. Yawancin faɗan da ake yi tsakanin masu kiɗa da masu waƙa a kan ƙara, wani ɓangarensa daga nan yake. Akwai masu barin na gindi ya ɗan fi ƙarfi da gangan, domin in an zo wurin da jita za ta yi magana ita kaɗai ta fito fili. Wannan dabara ce mai kyau, muddin da sani aka yi ta.

Jita mai hambaka a gindi da masu naɗi ɗaya biyu a sama ita ta fi wuyar sha'ani, irinta kuwa ta yi yawa a kasuwa. Sauke hambaka fiye da yadda aka saba, ɗaga sauran kaɗan, ka karɓi ɗan bambancin da ya rage. Ba za su taɓa zama ɗaya sak ba.

Saura tsirkiya guda mai taurin kai. A fikof irin na dā na Stratocaster za ka ga ɗigogin ba tsayi ɗaya ba ne, na tsakiya sun fi fitowa. An tsara su ne a shekarun 1950, lokacin da tsirkiya ta uku mai naɗi ce, muryarta kuma ba ƙarfi. Yau yawanci tsirara ce, tana da ƙara, ga kuma dogon ɗigo a ƙarƙashinta, sai ta riƙa tsalle ta fi 'yan'uwanta. Kada ka ɗauki guduma ka ce za ka tura ɗigon ƙasa. A irin wannan fikof wayar tana naɗe ne a jikin ɗigogin, in ɗaya ya motsa waya ta tsinke, ka sayi sabo ke nan. Sauke fikof ɗin gaba ɗaya kaɗan, bambancin zai ragu. Hambaka kam yana da layin sukuru shida da aka yi domin wannan aiki: shigar da na tsirkiyar da ta yi ƙara, fito da na wadda ta yi rauni, rubu'in murɗi a lokaci guda.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe. Cikin jita ba wutar da za ta cuce ka, amma cikin amfilifaya akwai, ko bayan an cire ta daga soket, saboda haka kada ka buɗe ta. In kuma tsirkiya tana ɗan cizonka, ko makirufo ya ja leɓenka sa'ad da kake riƙe da jita, ba laifin fikof ba ne. Wutar ɗakin ce ko ta janareta ba ta da wayar ƙasa mai kyau. A tsai da kiɗa, a kira mai aikin lantarki.

In ka gama, rubuta awon kowane fikof a 'yar takarda ka jefa cikin akwatin jita, domin sifirin da roba sukan saki da zafi, sai a sāke dubawa duk lokacin da aka canja kaurin tsirkiya. Tsohon fikof kuma kada a yar. Naɗe shi a tsumma, rubuta ko na wuya ne ko na gindi, a ajiye nesa da maganaɗisun lasifika.

Sai mun sadu a wata mai zuwa.